Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Injin Bincike na Intanet

Ranka ya daɗe,

Ni mai bandar kifi ne a Ƙaraye. Ban rubuta sunana ba, don ko na rubuta sai ka tambaye ni ko wani nake nufi.

Daren jiya bayan isha'i wata hajiya mai gidan abinci a Zariya ta kira ni tana jajanta mini. Ta ci tarwaɗata a gidan biki, ta nemi sunan rumfata a wurinka, sai ka jero mata kamfanonin kifin ƙanƙara na Legas, kowanne da ɗan tambarin talla a gefensa. Da ta daure ta gangara can ƙasa ta same ni, taswirarka ta dasa rumfar a tsakiyar dam ɗin Challawa. Baiwar Allah tambaya take ko ambaliya ce ta ci mu, ko an samu fitar da yara.

Tsakiyar ruwa fa, ranka ya daɗe! An gama dam ɗin nan a 1992, lokacin ko sunan intanet ba mu taɓa ji ba. Ruwan ya shanye gonaki, ya tashi ƙauyuka, amma ya bar mini inda nake hura wuta. Abin da ruwa bai yi ba cikin shekara talatin da ɗoriya, kai ka yi shi ba tare da ka jiƙa ƙafa ba. Wa ka taɓa gani yana banda a kan ruwa? Itacen a ina zan jibge shi? Ko so kake hajiya ta sauka a tasha ta yi shatar kwale-kwale, da ɗan aikenta da buhunta? Ka faɗa mini wanda zan riƙa biya kuɗin rumfa yanzu, sarkin ruwa ko hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Da asubar fari ɗana ya cika takardar ƙorafinka ta waya, aka amsa masa wai ana dubawa. Wa ke dubawa? A wace unguwa yake, mu kai masa goro?

Da gari ya waye yaran da ke gyaran waya a bakin kasuwa suka ce maganin abin mai sauƙi ne, in biya talla ka ɗaga ni sama. Ashe dillali ne kai. To, dillalin da muka sani sai an sallama yake karɓar la'ada, ya san kifin jiya da na makon jiya tun daga wari, in ya yi ha'inci akwai sarkin kasuwa. Kai mutum ya leƙa kawai ka cire kuɗinka, ya saya ko bai saya ba. Wanda ya fi biya shi ke gaba, ko da kifinsa ya shekara a firji. Ƙa'idar jerin ma kai kaɗai ka san ta, ka sauya ta cikin dare ba shela. Tun 2024 kuma ka koyi amsa tambaya da bakinka a can sama, mai tambaya ya karanta ya tafi, mu da ke jere a ƙasa ko sallama ba ma samu. Ga data, wadda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta yarda a ƙara wa kuɗinta kashi 50 cikin ɗari. Da kuɗinmu ake ɓatar da mu!

Bari ka ji yadda hajiyar ta kai gare ni, tunda ba kai ka kawo ta ba. Uwar amarya ce ta karanto mata lambata daga jikin kwalin kifin. Duk kwalin da ya bar rumfata da lambar nan a ɓangare biyu, da gyaran karfasa uku ko huɗu a sama, don mace ba ta manta wanda ya yi mata gyara. Ranar da na sauke kifi daga banda nakan tura saƙon murya ta WhatsApp, saboda da yawa daga masu sayena ba sa karanta boko, kuma kowa ya fi yarda da muryar da ya sani. Masu abincin sayarwa su sa hoton a status, maƙwabta su gani. Direbobin Gwarzo da Kiru da masu bi ta Rogo su ɓulla Maƙarfi sun san kayana, ɗan kamasho ma na ihun sunana kyauta in na tuna da shi ranar kasuwa.

Shi WhatsApp ɗin ma ba ɗan goyo ba ne, na sani. Shi ya sa lambobin nan suke cikin littafi mai bango mai kauri, kowa da garinsa da irin kifin da yake so. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Funtuwa da Bakori da Malumfashi saboda 'yan bindiga, kai da shi duka kuka yi tsit a can. Direba ne ya riƙa zuwa da 'yar takarda a aljihu, kwali kaza na wance, ya koma da kaya, ya dawo da kuɗi.

Saboda haka ba zan biya ka ko sisi ba. In kana son tarwaɗa, ka aiko da lambarka kamar kowa, ka faɗi direban da za a ba. Kuɗi hannu, ba na ba dillali bashi.

Naka,
Mai bandar kifi, Ƙaraye