Bizar Ɗan Jarida da Takardun da Ke Mutuwa Bi da Bi

Biza izini ce da wata ƙasa ke manna wa baƙo a cikin fasfonsa kafin ya taka ƙasarta. A yankin Adar ba a cika saninta ba, alhali babu inda ake yawan tafiya kamar can. Shekara da shekaru, da an kai gero rumbu, samarin Keita da Buza kan saɓa jaka su tafi biɗa Abijan ko Legas, albarkacin yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta 1979 da ta ba ɗan yankin kwana 90 babu biza. Wanda biza ke kamawa ɗan boko ne, musamman ɗan jaridar da ya tashi yana jin sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da Muryar Jamus daga Bonn, har ya ƙudurta cewa wata rana shi ma za a ji shi daga can. Mai wannan rubutu, ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo a Madawa, yana cikin waɗannan, kuma da shi za a riƙa buga misali, tunda babu kuskuren da ya bar wa wani.

Bizar Turai iri biyu ce. Akwai gajera ta Schengen, ta kwana 90 cikin kowane 180, kuɗinta Yuro 90 tun watan Yunin 2024, wato kimanin jika 59. Akwai doguwa mai harafin D, ta mai zuwa aiki ko karatu. Amurka kuwa ta ware wa wakilan kafofin labarai na waje tasu mai harafin I. Mai rubutu ya samu kwangilar shekara guda daga wani gidan rediyo na Turai, ya nemi shawarar wani abokin fada da ya taɓa zuwa Libiya a bayan mota, ya cike takardar gajera. Jikunan farko ke nan, don ba a mayar da kuɗin biza.

Tushen dosiye, wato tarin takardun neman biza, takardar haihuwa ce. Wanda aka haifa a ƙauye ba a rubuta shi ba yakan samu ta alƙali, wadda ke cewa an haife shi "wajen" shekara kaza, fasfo kuma ya ba shi 1 ga Janairu. Shi ya sa a layin ofishin jakadanci mutum kan tarar da tagwayensa biyar. Sai suna. Muhammadu ɗaya ne a bakin uwarsa, amma a rubutun Faransanci yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahamane a takardar lakkol, Mamane a katin aiki. Mai rubutu ya isa Yamai da mutum uku a jaka ɗaya, kuma kowannensu sai da aka nemi shaidar cewa shi ne sauran biyun.

Abin da littattafai ba su faɗa shi ne takardu suna da rai, kuma ba sa mutuwa rana ɗaya. Takardar shaidar rashin laifi wata uku take yi, kuma a gidan shari'ar inda aka haifi mutum ake karɓo ta. Hoto kada ya wuce wata shida. Bayanin banki na watannin ƙarshe ake so. Mai rubutu haihuwar wani ƙauyen Keita ne, karatun Buza, aikin Madawa, ofishin jakadanci kuma yana Yamai, kimanin kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutse da Doso. Ya karɓo takardar rashin laifi a farkon damina, bayan ya kwana bakin korama shi da ɗan kabu-kabu suna jiran ruwa ya janye. Kafin a gama haɗa sunayensa uku, ta mutu. Ya koma ya sake ta, ya dawo ya tarar hoto ya tsufa. Ya sake hoto, mai hoton ya ce a cire hula, aka ga sanƙon da babu shi a fasfo.

Shaidar dukiya ita ce ta fi wuya ga mutumin da arzikinsa ke cikin rudun albasa da raguna biyu da adashe. Ya je wurin wani Alhaji dillalin albasa. "Ɗana, nawa Nasaran ke son gani?" in ji Alhaji. Aka zuba miliyan biyu a asusu ranar Litinin. Ranar Laraba motar Abijan ta tashi lodi, Alhaji ya aiko yaro karɓar kuɗinsa. Banki ba ya ƙarya, duk ya rubuta, har da awa.

Ganawa takan ɗauki minti kaɗan, ta bayan gilashi, bayan an karɓe wayar mutum a ƙofa an ɗauki zanen yatsunsa. Ɗan jarida ya saba shi ke tambaya, kuma nan ne hatsarinsa. Da matar da ke bayan gilashin ta ce me zai je yi, mai rubutu ya gyara murya ya fara da "Jama'a masu saurare", bai tsaya ba sai da ta ɗaga hannu. Ta nuna layin miliyan biyun da alƙalami. Ya ce kasuwar albasa ce haka, yau a sama gobe a ƙasa, ya kuma yi tayin yin rahoto a kai.

Mataki na ƙarshe karɓar fasfo ne. In an ƙi, ana haɗa shi da takarda mai ƙananan akwatuna, a yi alama a kan dalilin. In an yarda, akan ga biza manne a shafi guda da ranar farawa da ta ƙarewa. Ta mai rubutu ta fito a nema na uku, wata goma sha ɗaya bayan na farko, saura kwana ashirin da shida kwangilarsa ta ƙare. Innarsa ta riga ta raba waina sau biyu na sadakar tafiya, ta ce ba ta yin na uku. Bizar tana nan a shafi na bakwai, ko tambarin filin jirgi babu a gefenta, kuma duk ranar kasuwar Madawa akan samu mai zuwa fada neman shawara a kan biza a wurin mai ita.