Ku da Kuke Cewa Katako Ne da Waya Shida

Dattawan majalisar Ƙanƙara, manoman Faskari, da ku mutanen Sabuwa masu bin diddigi: Na ji tun da labari ya bazu cewa na sayi jita mai tsada, wasunku suka ajiye kofin shayi suka kama salati. Wani ya ce a nemo mini rubutu in sha. Wani ya ce, "Katako ne fa da waya shida, kafintan bakin tasha ma zai haɗa maka da kuɗin cefane." To, ku gyara zama, yau da ku nake.

Bari in ƙara muku hawan jini tukuna. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, yana da jita mai suna D-28, kuɗin sabuwarta ya haura dala 3,000. Ku buga lissafi da buhunan masara a kasuwar Ɗandume, in kun gama ku sha ruwa.

Amma Alhaji, kai da ka fi kowa ɗaga murya, ba kai ne kake wuni a kasuwar Sheme kana zagaya sa ɗaya ba? Ka duba haƙori, ka shafa tozo, ka sa a ja shi ka ga takunsa, sannan ka biya ninkin kuɗin na kusa da shi. Da wani zai ce maka ai duk nama ne da ƙaho biyu, kallon marar wayo za ka yi masa. To haka muke kallonka.

Fuskar jita mai daraja, wato allon da ke ƙarƙashin tsirkiya, kaurinta bai wuce milimita 3 ba. A kan wannan ɗan siririn allo tsirkiya shida suke ja da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. In maƙeri ya bar shi da kauri, sauti ya mutu. In ya fere shi da yawa, ya bankare. Shi ya sa ake manna masa 'yan sanduna a gicciye ta ciki, a riƙa sassaƙa su kaɗan kaɗan. Jitar araha kuwa falle-fallen katako ne aka haɗa da gam. Ka kaɗa ta, ta ce "kwas" ta yi shiru. Ka kaɗa ta gangariya, kana cire yatsa tana ci gaba da amo, har ka ji shi a ƙirjinka.

Na ji mai cewa kayan Turawa ne. Malam, je ka duba bayan gidanku. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jita, inda yatsu ke dannawa, ɗan uwan kanya ne, kuma daga dazukan Kamaru ake samo mafi yawansa. Har kamfanin Taylor ya shiga mallakar masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Jan katakon da ake yi wa jita da yawa baya da wuya kuwa dangin maɗaci ne. Wato an kwashi dangin itatuwanku an kai ƙetare, an dawo muku da su da farashin dala, ku kuma kuna nan kuna faskara su kuna dafa tuwo.

Kiɗan tsirkiya ma ba baƙonku ba ne. Kakanninku maharba da garaya aka zuga su suka shiga dajin Rugu. A faifai kun sha kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam. Gurmin Haruna Uji kuma, duk da na abokan wasanku Haɗejawa ne, a ɓoye kuke ƙara masa murya, mun sani. A maƙwabta, Ali Farka Touré na Niyafunke a Mali ya ɗauki jita ya zuba mata salon gida, har faifansa da Ry Cooder na 1994 ya ci kyautar Grammy. Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jihar Tawa suna zagaya duniya da ita. Batun hukuncin kiɗa kuwa na malamai ne, ban isa in tsoma baki ba. Ni da masu gatsinen farashi nake.

Akwai dai inda kuka yi gaskiya, ko da yake ba da saninku ba. Jita mai tsada 'yar gata ce, ba ta son hunturunmu. Maƙeranta sun ce a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iska na bushewa har leɓe ya tsage. Katakon sai ya tsuke, bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar hannu, fuskar ta lotsa, wata safiya ka tarar da tsaga daga gindin tsirkiya zuwa ƙasa. Maganin ba tsada: ka jiƙa soso, ka matse, ka sa a robar sabulu mai huji, ka rufe tare da ita a akwatinta. Ku yi dariya, na yarda. Mai gida da kansa yana ba katako ruwa safe da yamma. Ranar da damina ta sauka kuma sai a koma fama da kumburi.

Sannan ga akwatin nata, dogo baƙi. A yanayin da yankinmu ke ciki, duk shingen da ka iso sai an ce, "Buɗe mu gani." Allah ya kawo mana zaman lafiya, a koma tambayar mai jita waƙa maimakon takarda.

Ku kuma 'yan uwana masu shirin saye don a gani, kada ku ɗauka na tsaya muku. Kuɗi ba ya kiɗa. Makonnin farko tsirkiyar ƙarfe za ta ci kan yatsunka har su yi kanta, kuma babu dalar da za ta ɗauke maka wannan. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna: gwangwanin kifi, fatar akuya, tsirkiya ɗaya tak. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. In hannunka bai nuna ba, jitar miliyoyi tona maka asiri kawai za ta yi, don kuskuren ma da ƙarfi take fitar da shi.

Saboda haka, dattawa, ku daina yanke hukunci daga nesa. Ku zo a kaɗa muku ta araha da ta gangariya, ku juya baya ku saurara. Wanda kunnensa ya kasa rabewa, na yafe masa, amma daga ranar kada ya ƙara zaɓar mana ragon layya.