Masu Bin Salsalar Mutanen Cikin Fim

Mutumin ƙasar Tambuwal zai yarda akwai kogon da ke mayar da mutum shekara 33 baya. Zai yarda wata halitta ta sauko daga sama tana samun ƙarfi daga hasken rana. Amma ka ce masa wance budurwar wane ce, daga baya ka dawo ka ce goggonsa ce, to nan kallo ya tsaya sai an warware. Ba laifinsa ba ne, a garin da ake jero zuriya har a kai ga Buhari ɗan Shehu ba a yi tuntuɓe ba.

Shirin da ya fi tona halin masu kallo shi ne Dark, na Jamus, wanda Netflix ta fara sakewa a 2017 ta kammala a 2020 da fitowa 26. Yaro Mikkel ya shiga kogo a garin Winden a 2019, ya ɓulla a 1986, ya girma da sunan Michael, ya haifi Jonas. Shi kuma Jonas, duk 'yan matan garin bai ga wadda ta yi masa ba sai Martha, yayar Mikkel.

Nan Goggo ke shigowa, wadda ta leƙo don ta ce a rage ƙara, ta zauna har ƙarfe sha ɗaya. Tafiya cikin zamani ba ta dame ta ba, aljannu sun yi abin da ya fi haka. Tambayarta ɗaya ce ga duk fuskar da ta bayyana: "Wanga ɗan wa na?" Da aka yi mata bayanin Martha sai ta yi salati, ta ce duk garin babu dattijo ko ɗaya? Kuma ita ta gano ramin da 'yan boko suka tsallake. Hannah ta san Michael tun yana yaro, ta aure shi, sannan ta ga Mikkel yana tasowa da fuska ɗaya sak, ba ta ce uffan ba. A Dogon Daji ko Sanyinna, in ji Goggo, jariri ya zo da kunnen kakansa tun ranar suna an faɗa. A ganina ta fi marubutan gaskiya.

Sai ɗalibin da ya fara karatun rabon gado bai ƙare ba. Shi da takarda yake kallo. Charlotte ta haifi Elisabeth, Elisabeth ta girma ta haifi jaririyar da aka mayar baya ta zama Charlotte. Kowace uwar ɗayar ce. Malam ya sa biro: in Charlotte ta rasu, 'ya'ya mata biyu, Franziska da Elisabeth, suna da kashi biyu cikin uku. Uwa tana da ɗaya cikin shida, uwar kuwa Elisabeth ce. Ta ci ta nan ta ci ta can ke nan? Ita Franziska yaya za ta kira ta, ƙanwa ko kaka? Ya soke, ya sake, a ƙarshe ya naɗe takardar ya ce zai kai wa malaminsa Sakkwato.

Akwai lauyan marubuci. Duk kuskuren da aka nuna, amsarsa a shirye take: "Ba ku gane ba ne, wata duniya ce daban." Ko wuta aka ɗauke, zai ce da gangan darakta ya yi.

Wanda ya riga kowa kallo kuwa ba ya magana, tari yake yi duk lokacin da wani ya kusa mutuwa.

Na fi tausayin mai zargi, wanda ya taso daga Kebbe a babur ya tsaya shagon mai tura fina-finai. Shi ba ruwansa da Jamusawa, na Indiya yake bi. Ya ga Koi Mil Gaya na 2003, ya ga Krrish na 2006, sai aka tura masa Krrish 3 na 2013. "Yaro, ina na biyun?" Aka ce babu, lissafin daga fim na farko aka fara. Bai yarda ba. Ya ga Hrithik Roshan ya fito uba ya kuma fito ɗa, ya haƙura. Ya ji mugu Kaal daga ƙwayar halittar Rohit, uban jarumin, aka samar da shi, wato ɗan'uwan jarumin ne babu uwa babu ɗaurin aure, wannan ma ya haɗiye. Amma a ce an tsallake lamba? Ya tabbata a na biyun aka yi bikin da zai halatta Kaal, kuma mai shago ne ya ɓoye don a ƙara masa kuɗi.

Can gefen benci akwai mai gyangyaɗi. Yakan farka daidai inda gardama ta yi zafi, ya dubi tsoho Adam na Dark a allon waya, ya tambaya ko shi ne uban yaron nan mai rigar ruwa, wato Jonas. A ce masa a'a, yaron ne da kansa ya tsufa. Sai ya ce Allah ya kyauta, ya nemi takalmansa.