Ko Batman Sai Ya Nuna Fuska

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, birnin San Diego na jihar Kalifoniya a Amurka yakan cika ya batse da masoya littattafan labarai masu zane da finafinan jarumai. Taron nasu, Comic-Con, ya fara ne a 1970 da mutum wajen 300 a ɗakin ƙasa na wani otal. Yau masu halarta sun haura 130,000, ana yi daga Alhamis zuwa Lahadi, ban da ɗan share fage na daren Laraba. Filin jirgin birnin kuwa titin sauka ɗaya tak gare shi. Da wannan cunkoso, mai son kallo kyauta ya nemi benci kusa da layin bincike ya zauna, zai ga iri-irin bayin Allah.

Na farko shi ne Shirye-tun-gida. Wannan ya kwashe watanni yana ɗinka kayan Batman, don haka bai yarda a cusa su a akwati su yamutse ba. Da su zai fito daga gida, alkyabba na jan ƙasa, yana taku ɗaiɗai, yara na ɗaukar hoto. Haka zai yi ta ƙasaita har ya iso gaban jami'in hukumar TSA mai binciken matafiya, wanda bai san wani jarumi ba sai hoton da ke jikin katin shaida. "Yallaɓai, a cire hular." Ana cirewa sai ga sanƙo yana ƙyalli da gumi. Daga nan na'urar bincike ta fara kuka: a cire ɗamara, a cire sulken ƙirji, a cire na ƙwauri. Kafin a gama, mai tsaron birnin Gotham ya koma daga shi sai 'yar shara, mutum hamsin a bayansa suna tsaki. Ya shiga jirgi kuma kujera ta ƙi ɗaukar kafaɗunsa na soso. Maganar shiga banɗakin jirgi da wannan shiga, a bar kaza cikin gashinta.

Ƙaninsa shi ne Sarkin Makamai. Takobi ya fi shi tsawo, ga gudumar Thor, ga bindigar roba da aka yi wa fenti har ta fi ta gaske kama da gaske. Hujjarsa kullum ɗaya ce: "Ai ta wasa ce!" Dokar ita ma ɗaya ce: duk abin da ya yi kama da bindiga ba ya shiga jakar hannu, sai akwatin da za a auna a kai cikin jirgi. Abin dariya, takobin haske na finafinan Star Wars hukumar ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa an yarda da shi. Sai ka ga mai wannan ya wuce yana murmushi, mai bindigar roba na gefe yana rantse-rantse. Ko ya tsira a nan, a zauren taron ma sai an duba makamin an ɗaura masa alama.

Sai Uwar Kwalliya, wadda ta ƙudurta sai ta zama koriya shar tun daga goshi har yatsu. Ta zo da fentin jiki, da gam na manna kunne, da feshin gashi, kowanne a gwangwani mai girman tulu. A jakar hannu kuwa ba a yarda da ruwa-ruwa ko mai maiƙo da mazubinsa ya wuce mililita 100 ba, kuma duka su shiga 'yar leda ɗaya da ake ganin cikinta. Tana ji tana gani za a jefa jarinta a kwandon shara. Badi ta yi wayo ta zuba su a babban akwati, amma ta manta ta ƙulle su a leda. Ta isa otal ta buɗe, farar rigar gimbiya ta riga ta zama koriya.

Malam Ƙurarren-lokaci ba ya ɓata kwana ɗaya na hutunsa. Jirgin safiyar Alhamis zai hau, da canjin jirgi na minti arba'in a tsakiya. Shi ya isa San Diego, akwatinsa ya tafi yawon buɗe ido wani gari, da bajon shiga taron da maganin hawan jininsa a ciki. Abokinsa kuma ya sayi tikitin jirgi ya kama ɗaki, sannan ya tuna da bajo, abin da akan sayar ta intanet watanni kafin taron, ya ƙare tun ranar. Shi ne za ka gani a titunan unguwar Gaslamp yana cewa dama wajen ya fi daɗi.

Akwai kuma wanda za a yi ta kiran sunansa a lasifika don ya cusa fawa-bank a akwatin awo. Batirin litiyam wurinsa jakar hannu, saboda idan ya kama wuta a ga hayaƙin da wuri.

A cikin jirgi, Allah ya raba ka da Shehin Kujerar Tsakiya. Tambaya ɗaya zai yi maka: cikin kamfanonin jarumai, Marvel ko DC? Duk amsar da ka bayar ka jawo wa kanka darasi. Daga Niyok zuwa San Diego tafiyar ta haura awa biyar, kuma yana da abin faɗa na awa goma, har da ƙarshen fim ɗin da kake tanadin kallo. Ka yi barcin ƙarya, ya jira ka farka.

Amma duk wannan somin taɓi ne, ranar komawa ake ganin tasku. Ga Ɗan Kwashe-kwashe, wanda ya zo da 'yar jaka ɗaya, zai koma da kaya kamar ɗan kasuwar Kwari ya dawo daga Dubai: littattafai, 'yan tsana a kwalayensu, fastoci a naɗe, da kyaututtukan da ko shi bai san amfaninsu ba. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke ba akwati a ƙaramar kujera, takarda kuwa nauyi gare ta kamar me. Sikeli ya nuna 31. Nan take zai durƙusa a tsakar fili ya zazzage akwati, ya saka riga uku a jikinsa cikin zafin Yuli, ya rataya kwalkwali a wuya, yana roƙon baƙin da bai sani ba su riƙe masa kwali. A 2017 wani kamfanin jirgi ya ƙara dagula lissafi, ya kafa sanarwa a filin cewa mahalarta taron su fitar da littattafai daga akwatunan awo, sai TSA ta fito ta ce ita ba ta hana ba. Abin da ke akwai shi ne tulin littattafai kan sa a buɗe jaka a duba da hannu, shi kuwa mutumin namu gara a taɓa lafiyarsa da a lanƙwasa masa gefen bugu na farko. Da ya kai su gidan waya ya aika gida, da ya huta.

Kusa da shi Ɗan Layi ne, wanda ya kwana a waje don ya samu ɗaya daga kujeru kusan 6,500 na babban zauren taron, Hall H. Wanka ya zama tarihi, ga tarin da ya kwaso a cunkoso yana rabawa kyauta. Wanda aka haɗa su kujera a jirgi sai mu ce Allah ya ba da haƙuri.

Ta ƙarshe ita ce 'Yar Rakiya, wata uwa da ba ta iya bambance Superman da Spider-Man, ta biyo ɗanta ne kawai. Ita ta sa suka zo tun Talata. Fasfo, bajo, magani da caja suna jakarta ta hannu, ta naɗe wata jaka babu komai a cikin akwati saboda tsaraba, ta auna kaya tun a otal, ta sa yaro ya cire kayan jarumta ya saka riga da wando. Idan tafiyar ta kama ka, mai karatu, bi bayan wannan baiwar Allah a layi, ka yi duk abin da ka ga ta yi.