Ƙurajen Zafi Ba Su San Babba Ba

Da zarar Afrilu ya kama a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga alhaji da shaddarsa mai sitaci ya jingina da ƙyaure yana goga baya a sace, fuska a murtuke kamar mai lissafin dukiya. Ƙurajen zafi ne suka kama shi. Ƙofofin gumi sun toshe, zufa ta rasa mafita, ta taru a ƙarƙashin fata, wuya da hammata suka yi ruɗu-ruɗu.

Jarirai ne abin tausayi. Kaka ta naɗe jikanta da suwaita da hular ulu da tawul, wai kada sanyi ya kama shi. Wane sanyi, Hajiya? Sannan a bi shi da basilin a ƙara liƙe ƙofofin.

Maganin ba tsada: wanka da ruwa mai sanyi, rigar auduga sakakkiya, zama a inuwa, a ajiye mai, a shafa kalamin in ƙaiƙayi ya matsa. Susa kuwa miki take jawowa. In ƙurajen suka yi mugunya, a garzaya asibiti; haka ma in suka zo da zazzaɓi da tari da jan ido, ƙila baƙon dauro ne.