Tashen da Mai Waƙa Ke Biya

Mu mutanen Bonkuku abu biyu muka sani ciki da bai: noman dankalin turawa a Dallol Bosso, da tashen yara a watan azumi. Ƙa'idar tashe kuwa ɗaya ce: a yi maka waƙa, ka sa hannu aljihu.

To, ran jajibirin Kirsimeti na kai buhunan dankali Yamai, na sauka gidan ƙanena. Maƙwabciyarsa wata tsohuwa ce Kirista, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa majami'a. Bayan isha'i, hunturu na tsaga leɓe, sai ga matasan cocinsu wajen goma da ganga da kacau-kacau, sun zo yi mata waƙa. Na ce ikon Allah, tashe a Disamba! Na lalubo dala ashirin na miƙa. Shugabarsu ta durƙusa ta ce, "Baba, mu ba ma karɓa." Sai ma ta ajiye wa tsohuwa sabulu da sukari.

Suka rera waƙoƙi uku, mai ganga na gaba, sauran na binsa da gudu. Da suka gama, tsohuwar ta ce, "Madalla, jikokina. Kunnen nan ya daɗe da yin murabus, amma na ga bakinku na motsi da kyau. Sukarin ne dai na ji sosai."

Na koma Bonkuku na ba yaranmu labarin tashen da mai waƙa ke kawo sukari. Har yau ba su yarda ba.