Ranar da Kiri-kiri Ta Rama

Ni ɗan manomi ne daga Bichi. Ina ɗan shekara bakwai Baba ya ɗora min fartanya a kafaɗa, ya nuna min babbar abokiyar gabata a duniya: ciyawa. Shi ya sa da maigidan da nake wa tuƙi a Riyad ya ce zai kai iyali Abha shan iska na wata guda, ya tambaye ni ko zan iya kula da ciyawar tsakar gidansa, dariya ta kusa ƙwace min. Kiri-kiri ce fa! Wadda a gonarmu ko ka tuge ta da hantsi, kafin la'asar ta dawo tana gaishe ka. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka tafi hankalinka kwance."

Watan Yuli ne, zafi na haura digiri 43, sama ko ɗigo ba ta yi. Ruwan famfon ma na teku ne da ake tacewa a Jubail, a turo shi ta bututu fiye da kilomita 400.

Ranar farko na ɗauko injin yanka na yi mata tal-kwabo, don kada ta dame ni sai maigida ya dawo. Kwana uku ta fara yin ruwan ƙasa. Na ce ƙishi ne. Hukuma ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, amma ni tausayi ya sa daidai lokacin nake fitowa da tiyo, don a ganina lokacin da nake jin ƙishi ita ma take ji. Ruwan kan bi iska kafin ya kai saiwa. Sai na ce yunwa ce, na zazzage mata rabin buhun takin zamani. Kafin mako ya zagayo, tsakar gidan ya koma ingirici, akuya kaɗai ta rage.

Wani dattijo Basudane mai kula da lambun maƙwabta, jikan Hausawan da suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan, ya leƙo ya yi salati.

"Ɗana, me ta yi maka?"

Ya ce a irin wannan zafi dogon ganye shi ne inuwar saiwa, ni kuma na cire mata hula na tsayar da ita a rana, na bi ta da taki na ƙone ta. Ya ce in riƙa shayar da ita da asuba, ta sha ta ƙoshi, in rataye injin nan. Mako uku ina sallame sallar asuba in kama tiyo ina ba ta haƙuri. Da yake kiri-kiri ba ta mutuwa da sauƙi, ta fara tsirowa tsilli-tsilli kamar gemun saurayi.

Maigida ya dawo ya dubi ciyawa, ya dubi takardar kuɗin ruwa, ya tambaye ni ko shinkafa na noma.

Da dare na buga wa Baba waya na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato biyanka ake yi ka raya kiri-kiri? Gaya wa Balaraben, ta gonata kyauta ce. Ya turo ka ka kwashe, fartanyarka na nan inda ka bar ta."